TAƊIN MAKO: Kuɗi, Kunya Da Rufin Asiri

Da na yi niyyar wannan mako in ɗauko zancen tsadar haya a Ikko, amma sai wani abu ya faru a ƙofar gidana wanda ya sa na jingine wancan zance tukuna, domin na ga wannan ya fi shi gaggawa, kuma ina kyautata zaton da wuya a sami gidan da bai taɓa ba.

Ran Lahadin da ta wuce, bayan la'asar, wani yaro ɗan garinmu ya kawo mini ziyara a nan Agege. Na ce yaro ne don na girme shi nesa ba kusa ba, amma magidanci ne mai mata da 'ya'ya uku a gida, kuma da mahaifinsa marigayi muka yi wasan ƙasa. Muna zaune a kan benci muna shan shayi, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya kife ta a kan cinyarsa. Ta sake yin ƙara, ya sake kifewa. A karo na uku sai na ga gumi ya keto masa a goshi, alhali kuwa hadari ya taso ana iska mai sanyi. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Na ce masa, “Kai kuwa wa ke nemanka haka kana ƙin amsawa? Mai binka bashi ne?” Ya sunkuyar da kai, can ya ce, “Baba, ai da mai bina bashi ne da da sauƙi. Inna ce.”

Da na matsa masa, sai ya buɗe mini cikinsa. Shekara bakwai ya yi yana acaba a wajajen Ikeja, kuma a wancan lokaci wata bai taɓa mutuwa ba tare da ya yi aike gida ba. Shi ya rufa wa mahaifiyarsa ɗaki da kwano, shi ya ɗauki nauyin karatun ƙannensa biyu. Ran 1 ga watan Yuni 2022 Gwamnatin Jihar Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa. Ya ɗan lallaɓa a unguwannin bayan gari, abin bai yi ba, har dai ya sayar da babur ɗin a kan asara. Tun daga lokacin gadi yake yi da dare, da rana kuma ya yi dako a kasuwar Mil 12. Amma har ran da muke wannan magana babu mahaluƙi ɗaya a gidansu da ya san babur ya tafi. Matarsa ba ta sani ba, yayansa bai sani ba. Aike kuwa bai fasa ba. In wata ya yi bai haɗa abin da ya saba aikawa ba, sai ya ranto ya cika. Ga shi yanzu an sa ranar auren ƙanwarsa bayan Babbar Salla, an kuma ce gado da katifa da kujeru nasa ne, tun da shi ne na Ikko.

Na ce masa, “To, me ya hana ka gaya musu gaskiya tun farko?” Ya ce, “Baba, da wane baki? Ni dai rufin asiri nake nema.” Wannan kalma tasa ita ta hana ni barci a daren nan, ita ce kuma dalilin wannan rubutu.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san ba mu da addu'ar da ta fi wannan yawa a baki. Ka ba dattijo sadaka, ya ce Allah ya rufa asiri. Ka tambayi ɗan kasuwa yaya ciniki, ya ce ana rufa asiri. Da wuya ka ji Bahaushe ya fito fili ya roƙi ya zama attajiri. Abin da yake roƙo shi ne kada a wayi gari maƙwabci ya lura ba a hura wuta a gidansa ba, kada ɗansa ya je wani gida ya tsaya yana kallon bakin masu cin abinci. Watau ko a cikin harshenmu mun riga mun yarda cewa babban aikin kuɗi shi ne su zama mana sutura. Shi ya sa ba ma son kiran sunansu tsirara. Sai mu ce “ɗan abin da ba a rasa ba”, ko “na goro”, ko “na cefane”, ko “a sa albarka”. Mutum ya gwammace ya gaya maka ciwon da ke jikinsa da ya gaya maka albashinsa. Akwai matan da suka shekara ashirin a ɗakin miji ba su san abin da yake samu a wata ba, in ma sun tambaya sai a ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba.

Ba na zargin wannan ɗabi'a gaba ɗayanta, domin akwai mutunci a cikinta. Ita ce ta hana mai shi yi wa marashi gori, ita ce ta sa ake dunƙule hannu in za a yi kyauta. Amma fa rufin asiri iri biyu ne. Akwai na gaskiya, wanda mutum yake ci daidai samunsa, ya kwanta ba wanda zai buga masa ƙofa. Akwai kuma na jabu, wanda ake rantowa. Mai wannan na biyu yana kashe kuɗin da ba nasa ba don ya sayi kamannin wanda asirinsa ke rufe, kuma kowane wata farashin kamannin nan ƙaruwa yake yi. Ɗan abokina a cikin wannan rami yake, kuma ba shi kaɗai ba ne. Ku je Idi-Araba, ku je Sabon Badun ko kasuwar shanu ta Lokpanta, za ku tarar da mazaje majiya ƙarfi waɗanda ba sa tsoron ɗan sanda ko ɗan iskan tasha, amma gabansu na faɗuwa in sun ga lambar gida a waya. Da ma an ce tsoro na daji, kunya na gida.

Kada kuma mai karatu ya yi saurin ɗora wa mutanen gida laifi. Tsohuwar nan da ke kira ba muguwa ba ce, lissafinta ne ya tsaya a wani zamani. Zuciyar ɗan Adam ba ta bin sauyin kuɗi da saurin da kasuwa ke bi, kuma tarihinmu shaida ne. Ita kanta kalmar “kuɗi” jam'in “wuri” ce, watau farin ƙoƙon dabbar teku da kakanninmu suka yi ciniki da shi. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani a nan da sunan Abdulkarim, da ya zo Kano a 1851 ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500, ya kuma ƙiyasta cewa wuri 50,000 zuwa 60,000 sun isa su riƙe iyali shekara guda cikin wadata. Wuri 20,000 shi ake kira keso. Da Turawa suka kawo kuɗin ƙarfe, sai mutanenmu suka raɗa wa rabin kwabo suna “ɗari”, don a idonsu wuri ɗari ne kawai aka narkar aka mai da ƙarfe. Ran 1 ga watan Janairu 1973 aka kawar da fam da sule aka kawo Naira da kobo, a kan Naira 2 fam guda, amma shekaru da yawa bayan haka kakata ba ta yarda ta karɓi farashi sai an mai da mata shi sule da fam. Har yau akwai 'yan kasuwar da in sun ce “jaka” suna nufin Naira 200, don ita ce fam 100 ta wancan zamani. Kuɗin sun mutu, amma sunansu ya ƙi fita daga baki.

To, haka abin yake ga darajarsu ma. A 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka yanke mafi ƙarancin albashi Naira 125 a wata. A lokacin Naira ta fi dalar Amurka ƙarfi, don haka wannan albashi ya kai kimanin dala 200. A watan Yuli 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, wanda a canjin wancan wata bai cika dala 50 ba. Lamba ta kumbura fiye da sau 500, abin da take saye kuwa ya ragu. Wani masanin tattalin arziki na Amurka, Irving Fisher, ya rubuta littafi sukutum a 1928 a kan wannan ruɗi, inda mutum ke kallon yawan lambar da ke rubuce a takarda ya manta da yawan hatsin da za ta auno. Tsohuwar da ta aurar da 'yarta ta fari lokacin da 'yar Murtala, watau takardar Naira 20 da aka fitar a 1977, ita ce babbar takarda a ƙasar nan, in ta ji an ce ɗanta yana taɓa dubu sittin a wata, kunnenta zai gaya mata ta haifi attajiri. Ba ta san kuɗin motar Agege zuwa Mil 12 ba, ba ta san nawa ake biya a kwana a ɗakin mutum shida ba. Ba za ta sani ba kuwa, tun da wanda ya kamata ya gaya mata ya kife waya.

Shi kuma me ya ɗaure masa harshe har tsawon waɗannan shekaru? Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun fara buga sakamakon bincikensu a 1979 a kan yadda mutane ke yanke shawara tsakanin riba da asara, daga baya kuma suka auna suka ga zafin asara ya kai kimanin ninki biyu na daɗin riba mai yawa ɗaya. Kahneman ya sami lambar Nobel a 2002 saboda wannan aiki. Bahaushen kasuwa ba ya bukatar a fassara masa wannan: ka tsinci dubu biyar da safe, ka manta kafin azahar, ka yar da dubu biyar, ka kwana uku kana lalube aljihu. Sun kuma lura cewa mutumin da ke fuskantar asara ya fi kowa son yin kasada, don zuciya ta gwammace ta jefa abin da ya rage cikin haɗari da ta sa hannu a kan cewa an yi asarar. Abin da ɗan abokina ya rasa kuwa ya wuce babur. A garinsu sunansa ya zama “na Ikko”, wanda in ya zo Salla ake shimfiɗa wa tabarma kusa da manya, wanda ake jira ya iso kafin a yanke magana. Wannan matsayi da kuɗi ya same shi, yana kuma ganin ran da ya ce babu, ran nan za a naɗe tabarmar. Kowane rance da ya ci, kasada ce ya yi don ya jinkirta wannan rana.

Abin da ya fi ba ni mamaki a cikin hirarmu shi ne da ya ce mini, tun da ya sayar da babur bai taɓa samun barci mai daɗi ba kamar a watan Fabrairu 2023. Na ce, “Watan wahalar kuɗi?” Ya ce, “Shi fa, Baba.” Masu karatu ba su manta ba. Ran 26 ga Oktoba 2022 Gwamnan Babban Bankin Nijeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar za a sake fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000, yana mai cewa daga cikin Naira tiriliyan 3.23 da ke yawo, tiriliyan 2.73 suna wajen bankuna. Aka sa wa'adin 31 ga Janairu 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Tsofaffin takardu suka shige banki, sababbi suka ƙi fitowa. Dattawa suka tuna da canjin watan Afrilu 1984, lokacin da aka sauya launin kuɗi aka rufe iyakokin ƙasa, amma wannan ya fi wancan tsawo. Mutane suka riƙa kwana a layin na'urar cirar kuɗi, aka riƙa sayen Naira da Naira a wurin masu POS, aka yi tarzoma a Badun da Benin da Warri. Sai da gwamnatocin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara Kotun Ƙoli, ta yanke hukunci ran 3 ga Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu, sa'an nan aka fara numfasawa.

Wahala ce ta gaske, an yi asarar dukiya har da rayuka. Amma ku lura da abin da ya faru ga zukata a 'yan makonnin nan. A karo na farko a sanina, “ba ni da ko sisi a hannu” ta daina zama abin kunya. Alhaji mai gidaje ya faɗe ta da ƙarfi a bakin masallaci, ma'aikacin banki ya faɗe ta, mai shago ya buɗe littafin bashi ba tare da ya ɗaure fuska ba. Ɗan abokina ya ce a watan nan ya kira gida da kansa ya ce babu, aka ce masa Allah ya kawo sauƙi, ba wanda ya mutu, ba wanda ya zage shi, yayansa ya sayar da akuya aka yi cefane. Aljihunsa a watan nan bai fi na sauran watanni nauyi ba, ƙila ma ya fi su zama fayau. Abin da aka sauke masa shi ne kunya, kuma da aka sauke ta sai ga barci ya zo. Wannan ya nuna mini cewa a cikin kayan da yake ɗauke da su, rashin kuɗin kansa bai kai nauyin ɓoye rashin ba.

Kada a ɗauka wannan kaya a zuci kaɗai yake tsayawa. A 2013 wasu masana, cikinsu har da Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir, suka buga wani bincike da suka yi a kan manoman rake 464 a jihar Tamil Nadu ta ƙasar Indiya. Manomin rake sau ɗaya yake karɓar kuɗi a shekara, don haka kafin girbi talaka ne, bayan girbi mai hali ne. Suka yi wa manoman gwajin kaifin tunani a lokutan biyu, sai ga mutum guda ya fi ƙoƙari bayan girbi nesa da yadda ya yi kafinsa, kuma suka nuna ba yunwa ko gajiyar aiki ce ta jawo bambancin ba. Tunanin bashi da na abin da za a ci gobe shi ke cinye wani kashi na hankali, har suka kwatanta mai wannan damuwa da wanda ya kwana bai runtsa ba. Manominmu ya san wannan tun kafin a rubuta shi, domin kowa ya san yadda ake saurin faɗa a gida cikin watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai nuna ba. Ɗan abokina ya ce mini sau biyu yana kai kayan wani wurin wani a kasuwa, ya kuma yi wa matarsa tsawa a waya don ta ce takalmin yaro ya tsinke. Ita kuwa baiwar Allah, da yake ba ta san dalili ba, sai ta fara zargin ya yi wata matar a Ikko. Kun ga yadda bango ke tsagewa, ƙadangare ya sami wurin shiga.

Akwai kuma waɗanda suka gane wannan rauni namu suka mai da shi jari. Kamfanonin ba da rance ta waya ba sa neman gona ko gida a jingina. Abin da suke nema shi ne ka ba su izinin ganin lambobin da ke cikin wayarka, in ka yi jinkirin biya sai waɗansunsu su aika wa surukinka da limaminku saƙo cewa kai macuci ne. Abin ya yi ƙamari har hukumar kare haƙƙin masu saye ta Tarayya ta kai samame ofisoshin waɗansu daga cikinsu a Ikko a watan Maris 2022. Jinginar da suke karɓa ita ce kunyarka, sun kuwa san ta fi gona tsada. Yaron nan ya ci irin wannan rance a wuri biyu, yana rance a na biyu don ya toshe bakin na farko. Mutumin da ya shiga bashi don kada uwarsa ta ji ba shi da kuɗi, ga shi ya miƙa lambar uwar tasa ga wanda sana'arsa ita ce tonon asiri. Haka masu tsarin nan na MMM suka yi da mutane kafin ya rufe asusun jama'a a watan Disamba 2016. Wataƙila wasu daga cikin waɗanda suka zuba kuɗi sun yi ne don su mai da wata asara da suka ɓoye, da aka cinye su kuma suka sake yin shiru.

Wani zai ce, to Malam, so kake mu zama marowata, kowa ya kama kansa kamar Turawa? Ko kusa. Zumunci shi ne asibitinmu, shi ne fanshonmu, kuma wanda yake aikawa yau shi za a aika wa gobe. Marowaci ma ai majinyaci ne. Shi tsoro ne ya kama shi kamar yadda kunya ta kama wancan, yana ƙirga abin da ba zai ci ba, iyalinsa suna jiran ranar rabon gado. Abin da nake cewa shi ne, kyautar da aka yi da rance da ƙarya ba ta ƙulla zumunci. Mai bayarwa yana bayarwa yana ƙullatar waɗanda yake ba, su kuwa suna karɓa suna raina abin da aka aiko, don suna zaton ɗan kaɗan ne daga cikin mai yawa. Ran da ramin ƙarya ya ƙure, sai a rasa kuɗin a rasa yardar.

Kuma ba gaskiya ba ne a ce ba mu iya sarrafa zukatanmu a kan kuɗi ba. Dubi adashi. Mace ta san in kuɗi suna ƙarƙashin katifarta za su bi ta hannun mai tallan atamfa, sai ta kai wa uwar adashi, watau ta ɗauko kunyar nan da ke halaka wasu ta sa ta yi mata gadi, don ba za ta yarda a ce ita ce ta kasa zubi ba. Dubi asusun ƙasa da ba a buɗe shi sai an fasa. Dubi manomin da ke mai da kuɗin kaka ɗan tinkiya, don ya san tinkiya ba ta shiga aljihu a je da ita teburin mai shayi. Richard Thaler, wanda ya sami lambar Nobel a 2017, ya yi suna ne a kan bayanin yadda mutane ke rarraba kuɗi gida gida a cikin ransu, wannan na abinci, wancan na biki, ba sa yarda wani ya shiga gonar wani. Iyayenmu mata sun daɗe suna yin haka da ƙullin bakin zane. Abin da ya rage mana shi ne mu yi wa aiken gida irin wannan ƙulli: a san adadinsa, a faɗe shi da baki, a tsaya a kansa.

Don haka ga abin da na gaya wa yaron nan, ina kuma gaya wa duk ɗan ci-rani da ma'aikacin da ke karanta wannan shafi. Da farko ka zauna kai kaɗai ka rubuta abin da ke shigowa da abin da ake binka, har kobo, domin da yawa daga cikinmu kanmu muke fara ɓoye wa lissafi. Sa'an nan ka gaya wa matarka, ita ce za ta fi kowa shan wahala in abin ya fashe, kuma sau da yawa ita ce ta fi ka dabarar tattali. Bayan haka ka nemi mutum ɗaya mai hankali a cikin dangi ka gaya masa lambar yadda take, ka ce ga abin da zan iya kowane wata, in Allah ya buɗa zan ƙara. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wanda kake jin kunyarsa, in ka bincika, shi ma yana jin kunyar wani.

Ku kuma iyaye da 'yan'uwa da ke gida, ina roƙonku da girman zumunci. In kun kira na Ikko ko na Fatakwal ko na Abuja, ku riƙa kira wani lokaci ba don komai ba sai don gaisuwa, har ya daina jin faɗuwar gaba in ya ga lambarku. Ku tambaye shi nawa yake biyan ɗaki, nawa yake cin abinci. In ya zo Salla hannu sake, ku shimfiɗa masa tabarmar nan a inda kuka saba shimfiɗawa, domin yara suna kallo, kuma daga nan suke koyon ko mutum ake girmamawa ko aikensa. In an zo aure kuma, a auna gado da kujeru da ƙarfin masu saye, kada a auna da abin da aka kai ɗakin 'yar maƙwabta. Kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa.

Kafin ya tashi ran nan, na sa shi ya kira yayansa a gabana. Hannunsa na rawa ya ce, “Yaya, akwai maganar da na daɗe ban gaya maka ba.” Na tashi na ba su wuri. Da na dawo na tarar idonsa ya yi ja. Ya ce yayan ya yi faɗa ƙwarai, amma faɗan bai taɓa zancen babur ba. Cewa ya yi, ashe shekara da shekaru kana ganina bare ne? Sun rabu a kan za a yi gado da katifa, kujeru sai bayan kaka, kuma yayan ne zai sami Inna da maganar. Bashin waya yana nan bai tafi ko'ina ba, mun zauna mun lissafa zai ɗauke shi wajen wata takwas in ya daina ƙara wani a kai. Matarsa kuwa ya ce ba zai gaya mata a waya ba, sai ya je Salla ya zauna da ita. Na ce masa kada ya bari Sallar ta wuce.

Wanda yake da irin wannan labari, ko yake ganin na yi kuskure a wani wuri, ƙofar wannan fili a buɗe take, ya rubuto, ba kuwa za mu buga sunansa ba sai da yardarsa. Zancen haya yana nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya rufa mana asiri, irin na gaskiya.